Ƙamus Mai Yankan Hatimi

Yayana hatimi yake yankawa. In ka taɓa karɓar takarda a wani ofis a garinmu ka ga an dangwala mata shuɗin tambari a ƙasa, da wuya in ba daga hannunsa ya fito ba. Teburinsa na bakin baranda, tsakanin shagon mai ɗaukar hoton fasfo da na mai kwafin takardu, kuma duk kayan aikin nasa ba su cika kwalin takalmi ba: reza, fallen roba, gam, guntayen katako da yake gogewa da kansa, sai wani tsagaggen madubi da yake duba aiki a ciki. Za a rubuto masa abin da ake so a takarda, shi kuma ya yanka shi a baibai, harafi bayan harafi, don in an buga ya fito daidai. Tun yana saurayi yake wannan aikin har furfura ta fito masa a gemu.

A gida Yaya muke ce masa. A waje kuwa, daga bakin kasuwa har tasha, Ƙamus ake kiransa, kuma wannan sunan ne ya ja mana abin da har yau in na tuna sai na runtse ido.

Ni ce mai bi masa. Shi Rediyo yake kirana, wai tunda aka kunna ni ba a gano inda ake kashewa ba, kuma ban taɓa musawa ba. Ni na gama sakandare. Shi a aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo aka rasa mai riƙe gida. Turancinsa na gaisuwa ne da na ciniki, irin wanda in baƙo ya tambayi hanya rabin amsar da hannu ake ba shi.

A bayan kemis ɗin da ke ƙarshen layinsu akwai rumfa da benci biyu, inda wasu ke taruwa da yamma suna wasan jera kalmomin Turanci. Allo ne mai ƙananan gidaje, da jaka cike da 'ya'yan haruffa, kowane da makinsa a rubuce a gefe. Kowa ya zura hannu ya ɗebi bakwai ba leƙe, ya haɗa kalma da su a jikin waɗanda ke kan allon. Wasu gidajen suna ninka maki biyu, wasu uku, wanda kuwa ya zubar da bakwai ɗinsa gaba ɗaya a kalma guda, sai a ƙara masa tukuici mai tsoka. In abokin wasa bai yarda da kalmarka ba, sai a buɗe ƙamus. Tana ciki, ka ci. Ba ta ciki, ka kwashe kayanka ka jira wani zagaye. Ba wanda ke tambayar me take nufi, don dokar wasan ba ta ce a tambaya ba.

Yaya ya fara zuwa wurin ne kai wa Mai Kemis hatiminsa, ya tsaya kallo, washegari ya sake dawowa ba tare da wani hatimi ba. 'Yan rumfar duk sun yi boko: Mai Kemis da kansa, wani malamin lissafi, da tsohon akawun kotu da kowa ke ce wa Akawu, mutum mai son gardama fiye da abinci. Su sai sun juyo da allon ya fuskance su kafin su iya tunani. Yaya kuwa, da ya shekara da shekaru yana kallon haruffa a baibai, ko ta ina aka zaunar da shi daidai ne a wurinsa. Ranar da suka rasa na huɗu suka ce ya zauna ya cike gurbi, suka lallasa shi son ransu, ya tashi yana murmushi. Bai ji haushi ba, ya dai gane cewa abin da ya rasa kalmomi ne kawai.

Sai ya sayo wani tsohon ƙamus a wurin masu baza littattafai a ƙasa, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Ya ɗauki kwali ya yanka masa 'yar taga da rezarsa, daidai tsawon kalma ɗaya. In ya ɗora a shafi, baƙar kalmar nan mai kauri kaɗai za ta leƙo, bayanin da ke gabanta ya ɓuya, sai ya ja kwalin ƙasa zuwa ta gaba. Da ya ga ba mai kawo aiki sai ya ciro littafin daga ƙarƙashin tebur ya hau bi, leɓensa na motsi. Shi kalma siffa ce a wurinsa: wannan doguwa ce mai wutsiya, waccan tana da tagwayen haruffa a tsakiya, wannan in ka liƙa mata harafi a gaba sai ta zama wata. Kafin a ankara ya zama wanda ake jira a rumfar, har daga wasu unguwanni ake zuwa gwada shi.

Akawu ne ya laƙaba masa sunan, ranar da ya yi ta ƙalubalantarsa a wasa ɗaya, kuma duk sanda aka buɗe littafin sai a tarar da kalmar zaune tana jiransu. Ya rufe littafin da ƙarfi ya ce, "Ku daina wahalar da takarda, ga ƙamus nan zaune a benci."

Ina zaton 'yan rumfar sun san iyakarsa, ko kuma ba su damu ba, don su ma rabin abin da suke ajiyewa ba su san shi ba. Unguwa ce ba ta sani ba. A ganinta, wanda ya haddace ƙamus ya fi Bature Turanci. Mai takardar magani ya kawo masa, mai takardar makarantar ɗa ya kawo masa, har mai sabon injin ɗinki da littafinsa. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya duba sama da ƙasa, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne, kai wa ƙanwata." Su zo min suna cewa Ƙamus ya ce abin bai kai a dame shi ba. Ni in karanta, in fassara, in yi bayani har maƙogwarona ya bushe, a fita ana cewa, "Kai, gidan nan Allah Ya ba su, ƙanwar ma ta ɗan tsinta a wurinsa." Maganar nan ta sha ƙona min rai.

Ni ma na daɗe a duhu. Lokacin ina sayen wata jaridar Turanci saboda shafin wasa ƙwaƙwalwa na baya, wanda ake ba ka bayani kai kuma ka nemo kalmar ka cike gidaje. Wata rana ɗaya ta gagare ni, na same shi a teburinsa na fara karanta masa bayanin.

Ya ce, "Bar karatun nan, Rediyo. Gida nawa ne, kuma wane harafi ke ina?"

Na gaya masa. Bai ko ɗago daga robar da yake yanka ba ya shiga zubo min kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har na ce ya isa haka. Na tsinci wadda ta dace a ciki. Amma akwai wata da ya faɗa wadda ban taɓa ji ba, ta yi min daɗi a kunne, na ce, "Yaya, ita wannan me take nufi?"

Ya ci gaba da yanka. Na sake tambaya. Rezar ta tsaya, na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ban sani ba," in ji shi.

"To wadda ka faɗa kafin ita fa?"

"Ita ma."

Na tuntsire da dariya, na ɗauka tsokana ce. Da na ga bai taya ni ba sai dariyar ta maƙale min. Ya waiga hagu da dama, ya ciro littafin da kwalin ya nuna min yadda yake yi. Ya ce da farko ya gwada karanta bayanin, sai ya tarar kowane bayani cike yake da wasu kalmomin da sai an duba, su ma kowace da nata bayanin.

Ya ce, "In na tsaya wannan, har in mutu ban fita daga harafin farko ba. Kuma a wasa ba a ba da maki don ma'ana."

Na ce, "To ka gaya wa mutane mana, ai ba sata ka yi ba."

Ya mayar da littafin ƙarƙashin tebur ya ce, "Ke kina da satifiket. Ni sunan nan kaɗai nake da shi. Ki rufa min asiri, Rediyo."

Na rufa masa. Daga ranar na daina ƙorafi a kan masu kawo min takardu, ko da yake ban daina harararsa ba in ya turo su.

Matarsa ta sani, tun kafin ni ma. Mace ce mai fara'a, ita ce bakin gidan. In ya dawo yana washe baki ya ci Akawu, sai ta tare shi a ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Bature. Me ka ce masa da Turancin?" Ya yi dariya ya ce ta rage murya. 'Yarsu ɗaya, muna ce mata 'Yar Baba, don tun tana rarrafe ba ta da wurin zama sai gindin ƙafarsa. Kamarta ta uwar ce, amma shirun uban ta kwashe kaf. Tana ajin ƙarshe na firamare uwar ta kwanta, ciwon bai daɗe ba, ta rasu.

Ban ga hawayen Yaya ba. Ya zauna ya karɓi gaisuwa, yana ta cewa an gode, an gode. Da mutane suka watse ya koma teburinsa, bayan 'yan makonni ya koma rumfa. Matan unguwa suka samu abin taunawa, wai dubi mutum, ko ƙasar kabarin ba ta kwanta ba ya koma wasa. Ni na san zaman ɗakin ne ya gagare shi, don ko kofin shayinta bai bari an gusar daga kan taga ba. Amma bai faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Gidan ya koma na mutum biyu marasa magana. "Kin ci abinci?" "Na ci." "Makaranta lafiya?" "Lafiya lau." Ina zuwa in cika musu kunne in tafi, in bar su yadda na same su.

Daga shekarar ce yarinyar ta ɗauki Turanci da zafi. Kullum da littafi a hannu, har a bakin murhu. In ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba sai ta kawo masa, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Je ki duba ƙamus. In na gaya miki za ki manta, in kin nemo da kanki za ta zauna." Sai ta je ta duba. Malamanta suka ji wannan tsarin suka yi ta yabawa, har wata malama ta miƙe a taron iyaye ta ce kowa ya yi koyi da shi. Ina wurin, na sunkuyar da kai ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Shi kuwa duk ranar da ta zo masa da tambaya, bayan ta fita sai ya daɗe bai iya riƙe reza daidai ba. Ya taɓa ce min, "Duk garin nan su gane, zan iya ɗauka. Ban da ita."

Shekarar da ta gama sakandare ita ta zo ta ɗaya a Turanci, aka zaɓe ta ta yi jawabi a madadin ɗalibai ranar yaye su. Ta ɓoye abin da ta shirya, ko ni ba ta nuna wa ba, duk da bugun cikin da na yi mata. Uban kawai ta ce wa, kanta a ƙasa, "Baba, ka zo da wuri, ka zauna inda za ka ji da kyau."

Ana gobe taron ya zo gidana, ya zauna a bakin kujera ya yi tsuru-tsuru.

Ya ce, "Za ki zauna a gefena. In abin dariya ta faɗa, ki zungure ni da gwiwar hannu. In na tafi ne, ki fara, ni in bi."

Na ce, "In ta ambace ka fa?"

"Ki taka min ƙafa, sai in sunkuyar da kai kamar na ji kunya."

Na ce, "Wannan kam ba sai ka yi kamar ba."

Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Na ce masa, Yaya, yarinyar nan ta girma, ka zaunar da ita ka gaya mata. Ya ce in an gama taron zai duba.

Ɗakin taron makarantar dogo ne, cike da kujerun roba, fankokin sama na juyawa ba iska, lasifika kuma in ta yi ƙara sai ta shaƙe. Muka shiga tare, ya sa rigarsa mafi kyau, wadda guga ta yi wa layi. Ba mu kai ga zama ba shugaban makarantar ya hango shi, ya taho hannu biyu a buɗe.

"A'a, Ƙamus da kansa! Uban gwanarmu ne zai zauna cikin jama'a? Ina, ba za a yi haka ba."

Ya kama hannunsa ya ja shi zuwa babban tebur na kan dandamali, mai fuskantar jama'a, ya zaunar da shi a damansa, dab da makirufo. Yaya ya waiwayo ya dube ni, na yi masa alama ya riƙa kallona daga can. Amma kafin in juyo an cike gaba, kujerar da na samu can baya take, bayan wata mata da ɗaurin ɗankwalinta ya tare rabin ɗakin.

Da farko abin ya tafi daidai. Yaya ya kafa wa shugaban makaranta ido ta gefe, in ya tafa ya tafa, in ya yi murmushi ya yi. Har na fara sakin jiki. Sai aka kira 'Yar Baba. Ta fito siririya cikin yunifom, takarda a hannunta. Ta gode wa malamai, ta gode wa iyaye, ta yi wa abokan karatunta fatan alheri. Daga nan ta ninke takardar ta ce za ta yi magana a kan mahaifinta. Zan juya abin da ta ce gwargwadon iyawata.

Ta ce mahaifinta ba mai magana ba ne. Da mahaifiyarta ta rasu ba ta ga ya yi kuka ba, kuma da ya koma wasansa ta tsane shi a ranta, ta ɗauka mutuwar ba ta taɓa shi ba. Ran nan aka aike ta kemis, ta leƙa rumfar, ta tsaya a bayansa bai sani ba. Ya daɗe yana kallon haruffansa, hannu a kan baki, sannan ya kwashe bakwai ɗin ya jera su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san kalmar ba. Ta haddace ta, ta ruga gida ta buɗe ƙamus yadda ya koya mata, ta tarar ita ce sunan da ake kiran mutumin da matarsa ta mutu ta bar shi. Ta ce a ranar ta gane mahaifinta yana kuka, da harshen da ya iya, a gaban mutanen da ba su lura ba.

Mata suka fara share ido. Ni kuwa na san abin da ke gudana a cikin kan Yaya. Ya taɓa gaya min in ana Turanci da sauri, kalma ɗaya yake cafkewa ya jera ta a ransa ya lissafa makinta, kafin ya gama mai magana ya yi nisa. Ga lasifika tana cinye rabin zance. Abin da ya tsinta, yadda ya faɗa min daga baya, shi ne uba, da kemis, da haruffa bakwai. Ya ɗauka labarin bajintarsa take ba jama'a.

Sai ta juyo ta dube shi, ta faɗi kalmar a hankali, ita kaɗai.

Fuskar Yaya ta washe. Duk zaman nan sai yanzu aka faɗi abin da ya sani. Ya doki tebur, ya fashe da dariya, ya juya wurin shugaban makaranta, makirufo ya kwashi muryarsa ya watsa har bakin ƙofa.

"Mai harafin dabilyu biyu! Na tuna ta! A gidan ninki uku na dasa ta, ranar Akawu bai sake farfaɗowa ba!"

Ya hau tafi.

Shi kaɗai yake tafin. Na miƙe tsaye ina girgiza masa kai, amma aikin gama ya gama. Tafin ya yi ta raguwa har ya tsaya, hannuwansa a buɗe a gabansa. Wasu ɗalibai a baya suka ƙunshe dariya. Ya dubi layin gaba ya ga mata da hankici a ido. Ya dubi shugaban makaranta, wanda ya hau gyara takardun gabansa ba dalili. Sannan ya dubi 'yarsa. Ni dai na ji da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja shi mu tafi tare. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar mutane ce ta fi damuna ba, ta yarinyar ce.

'Yar Baba ba ta yi kuka ba. Ta tsaya bakinta a ɗan buɗe, sannan ta warware takardarta ta karanta layin ƙarshe na godiya da murya ba daɗi ba ɗaci, ta sauka.

Wanda aka zaunar a babban tebur ba ya tashi sai an tashi. Haka Yaya ya zauna a idon jama'a har aka gama sauran jawabai da waƙar ɗalibai, gumi ya jiƙa masa rigar guga. Da aka zo rabon kyaututtuka, shugaban makarantar, ban sani ba ko gyara yake so ya yi, ya ce uban ne zai miƙa ta Turanci. Ya miƙa, ta karɓa da hannu biyu, mai hoto ya ce su kalli juna, ba wanda ya kalli wani.

Bayan an watse na same shi a bayan ajujuwa, a bakin famfo, yana ta wanke hannun da ba datti.

Ya ce, "Me na yi, Rediyo?"

Na gaya masa ma'anar kalmar. Na gaya masa a taƙaice cewa yarinyar ta gan shi ranar, da abin da ta ɗauka. Ya kashe famfon ya zauna a kan dakalin, a cikin jiƙa, bai ma lura ba.

Can ya ce, "Ni gidan ninki uku kawai na gani."

"Na sani."

"Shekara nawa tana riƙe da wannan?"

Na ce tun rasuwar. Sannan na matso na ce masa, "Saurara, Yaya. Ka ce mata ruɗewa ka yi. Akwai masu dariya in abu ya yi musu yawa. Za ta yarda, don tana so ta yarda."

Ya miƙe kawai. Muka kamo hanyar gida, 'Yar Baba ta riga mu da nisa.

Mun tarar da ita a falo, ko yunifom ba ta cire ba, kyautar na kan tebur a ƙunshe ba a buɗe ba. Na so in zame in shiga kicin, Yaya ya ce in zauna. Ya zauna shi ma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ita ce ta fara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, ranar da ka ajiye ta, ka san abin da take nufi?"

Na kafe shi da ido ina masa alama. Ya ƙi kallona.

"Ban sani ba," in ji shi.

"Amma daga baya..."

"Sai yau. Gwaggonki ce ta gaya min a bakin famfo."

Ta murza bakin rigarta. Sannan ta ce, "Sauran fa? Duk waɗanda nake kawo maka?"

"Na san yadda ake rubuta su. Na san gefen shafin da suke. Abin da suke cewa ne ban sani ba." Ya gyara zama. "Aji huɗu na yi, 'Yar Baba. Jawabin naki ma ban ji ba, sai kalma nan, kalma can."

Ta juyo gare ni. "Gwaggo, kin sani?"

Na gyaɗa kai. Ta mayar da ido kan tabarma.

Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance kamar yadda Yaya ya yi a kujerar nan ba. Yana ta juya hular a hannu. Ya ce, "Amma fa mahaifiyarki..." sai maganar ta tsaya. Ya sake farawa, ta sake tsayawa. Da ya ga ba za ta fito ba sai ya ajiye hular, ya matso bakin kujera.

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Ki faɗa min da Hausa. Duk abin da kika ce a can, daga farko. Zan saurara."

Ta ɗago ta dube shi. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, cewa na yi..." ta tsaya. Ta ja numfashi ta sake, "Na ce, da Mama ta..." Ta sunkuyar da kai.

"Ba zan iya ba."

"Don Allah, 'Yar Baba."

"Da Hausa ba zan iya ba, Baba, nauyinka nake ji. Shi ya sa na jira sai da na iya Turanci."